Ɗakin da Babu Taga

Asabar, 8 ga Disamba, 1979, bayan la'asar

Na sayi wannan littafin ne don in tsara jawabin da zan yi wa iyayen yara ranar ba da hutu. A saman shafi na fara rubuta tsohon sunan garinmu, na soke, na sa Suleja. Gwamnati ta ari sunan ta kai wa daji, hannuna kuma har yau bai samu labari ba. Jawabin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne Yaya Azumi, daga Garam, da ƙunshin saiwoyi a hammata da kaskon wutarta a ka.

Ban aika mata ba. Matata Mairama ma ta ce ba ta aika ba. Yayata tana jiyo tarin yaro daga nisan da rediyona ba ya kamawa.

'Yarmu Sakinatu ce. Tarin ya dawo ranar Laraba tare da sanyi, kamar bara, sai dai na bana ya fi nauyi. Shekararta tara, ita kaɗai gare mu yanzu. In ta ja numfashi akwai wani siririn fito a ƙirjinta, kamar iska na bi ta tsagin ƙofa.

Yaya ta ɗora kunne a bayanta, ta ce fuka ce, sanyi ya shige ta, a mayar da ita ɗakin tsakiya tunda shi ne iska ba ta shiga. Ɗakin ba shi da taga. Ni hedimasta ne, malamai goma sha ɗaya da yara ɗari huɗu ke ƙarƙashina. Na ɗauki tabarma na bi bayanta.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

An shirya ɗakin. Bargo a kan asabarin ƙofa, tsumma a duk wata kafa tsakanin bango da kwano, kasko cike da gawayi a gefen gado, fitilar kananzir tana ci dare da rana saboda duhu. Yaya ta kwana a ciki da yarinyar, ta fito da jan ido, ta ce madalla, ɗakin ya riƙe ɗumi.

Ta sa an sauko da katifar rimi daga ɗakin ajiya, wadda aka naɗe aka ɗaga shekara bakwai ke nan. Da Mairama ta gan ta sai ta tuna tana da abu a kan wuta. Ba ta ɗora komai ba, na duba.

Ana warware katifar Sakinatu ta yi atishawa goma sha ɗaya a jere, idonta na ruwa. Yaya ta ce sanyin ne ya fara fita.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Malamai sun tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi.

Talata, 11 ga wata, bayan azahar

Malamin aji shida bai zo ba, na shiga na riƙe masa. Darasin kiwon lafiya ne. Na tambayi inda suka tsaya, suka miƙe gaba ɗaya suka rera mini: ɗaki mai lafiya taga biyu gare shi, ɗaya na duban ɗaya, iska ta shiga ta fita. Ni na tsara wannan hadda shekara ashirin da biyu da suka wuce. Akwai 'yan kasuwa da direbobi a garin nan da za su iya karanto ta cikin barci.

Na ce su zauna. Na ba su lissafi.

Alhamis, 13 ga wata, da la'asar

Na ɗauki Sakinatu a keke zuwa ɗakin shan magani, Yaya ta naɗe ta da zane uku har da ƙyar nake ganin hancinta. Layi ya yi tsawo, muka zauna a benci a baranda kusan awa biyu. Can na lura na daina jin fiton. Ta warware zane ɗaya, ta warware na biyu, ta fara ƙirga mini awakin da ke wucewa.

Malam Sha'aibu disfensa ya saurari ƙirjinta, ya ce asma ce, ya ba da ƙwaya da na sha. Ya tambayi inda take kwana, na ce a ɗaki mai ɗumi. Ya ce ba hayaki dai ko. Na ce ba da yawa ba. Mutum arba'in na jiransa, bai tsaya auna "ba da yawa" na hedimasta ba.

A hanya ta ce tana son rake. Na saya mata, ta shanye gaɓa huɗu a bayan keke tana tofar da tuƙa.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Fiton ya dawo. Tun kafin isha'i.

Yaya ta ce ga amfanin yawo da mara lafiya cikin iska. Yau da safe ta ƙara sabon magani: ta barbaɗa wani ɓawon itace a kan garwashi, ta sa yarinyar ta sunkuya, ta lulluɓe ta da zane don hayaƙin ya shiga ya koro sanyin. Bayan haka ta sa turaren wuta don warin ɓawon ya tafi. Ina jin tarin daga tsakar gida. Jaridar da ke hannuna ta makon jiya ce, na karanta ta har tallace-tallace.

Na yi wa Yaya raha cewa kifin da ake kyafawa a kasuwa bai samu gatan da 'yata ke samu ba. Ta ce in tafi masallaci.

Asabar, 15 ga wata, da magariba

Da sauƙi, na ce wa liman.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Adenike, wadda ke haya a ɗakunan gaba, ungozoma ce a asibiti, kowa Maman Funmi yake ce mata. Shekara huɗu tana gidan nan, ba ta taɓa wuce madafa ba. Yau ta shigo duba jiki da lemo a hannu, ta ɗaga bargon ƙofa ta shiga. Ba ta yi minti uku ba ta fito tana share ido da bakin ɗankwali. Ta gaida Yaya da ladabi, sannan ta same ni a zaure.

Ta ce ita mai lafiya ta kasa zama, yaya mai ciwon ƙirji. Ta ce sanyi yana tayar da asma, gaskiya ne, a rufa wa yarinya jiki, amma hayaƙin gawayi da na fitila da turare da ƙurar tsohuwar katifa duk suna taruwa ne a ɗakin da ba su da mafita, kuma huhun yarinyar ne mafitarsu. Ta ce gawayi a rufaffen ɗaki ko ba asma yana kashe mutum yana barci.

Na ce mata a gidan nan akwai ma'aikatar lafiya mai zaman kanta, ministarta daga Garam take, ni masinja ne. Ba ta yi dariya ba.

"Hedimasta, 'yata a makarantarka ta koyo taga biyu. Ta dame ni da ita har na canza wurin gado. Me ya sa ɗakin 'yarka babu ko ɗaya?"

Na ce haka aka gina shi.

Ba haka aka gina shi ba.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Kyanwar gidan nan, wadda ba ta da aiki sai neman ɗumi, ta daina shiga ɗakin tsakiya. A bakin ƙofa take kwana, cikin sanyi.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

An ba da hutu. Na yi jawabi a kan tsafta da kula da yara, an tafa.

Da na dawo na share wa Sakinatu hanci da farin hankicina. Ya fito baƙi. Na ninke shi na sa a aljihu. Mairama tana tsaye a bayana, ta gani. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mun ƙware a wannan, ni da ita.

Alhamis, 20 ga wata

Da sauƙi.

Juma'a, 21 ga wata, da azahar, a asibiti

Sakinatu ba ta iya kwanciya ba sam. A zaune ta kwana, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka. Da gari ya waye na shiga da shayi. Maganarta ɗaiɗai take fita, kalma, hutu, kalma.

"Baba, ɗakin nan ya yi mini kaɗan."

Na ɗaga fitila na dubi leɓɓanta. Na taɓa ganin wannan launin.

Ban tambayi Yaya ba. Na ɗauke ta na fita, na buga wa Maman Funmi ƙofa, ta samo mota. An yi mata allura, an kwantar da ita. Likitan yaro ne, na girme shi da kusan shekara ashirin, ya tambayi inda take kwana. Wannan karon Maman Funmi ce ta ba da amsa, da Turanci, dalla-dalla, har da katifar. Ina jin Turanci sosai, abin takaici. Ya dube ni ta saman tabarau irin duban da nake yi wa yaron da ya zo ba da aikin gida ba.

Ban je Juma'a ba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ɗakin da aka kwantar da ita tagogi ne daga wannan bango zuwa wancan. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rufewa, nas tana biye da ita tana buɗewa. Sun yi zagaye uku. A na huɗu Yaya ta zauna a ƙasa ta ce Allah ya isar wa marasa lafiyar wurin nan.

Sakinatu ta ci shinkafa. Ta yi barci a kwance, bargo biyu, tagar kanta a buɗe.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Likita ya ce ranar Laraba za a sallame ta. Ya ce asma ba ta warkewa da allura, lallaɓa ta ake yi, kuma in ta koma ɗakin da ta fito za ta dawo musu, in ta samu dawowa. Yaya ta ce gobe za ta sayo gawayin kirya, ya fi riƙe wuta.

Na dawo gida ni kaɗai na shiga ɗakin. Kwana biyu ba wuta amma warin na nan, ya kama bango. Na cire bargon ƙofa, haske ya shigo. A bangon gabas, in mutum ya san inda zai duba, ana ganin shatin. Kamu uku a tsaye, biyu a kwance. Shafen wurin ya fi sauran duhu.

Shekara bakwai da suka wuce, a wannan watan, wani ya kwanta a ɗakin nan da irin wannan tarin, a kan waccan katifar, da wancan kaskon. Na shigo duba shi, hayaƙi ya cika mini ido, na tura tagar. Faɗin tafin hannu kawai na buɗe. Na tafi na kwanta ina jin daɗin ilmina.

Da asuba.

Kowa ya ce sanyi ne ya shiga. Yaya ba ta taɓa cewa ni ne ba, sai dai ta ce ai an bar taga. Washegarin sadakar uku na kira magini.

Ɗan fari ne. Uba ba ya ambatar sunan ɗan fari, al'ada ce, kuma ban taɓa godiya ga wata al'ada kamar wannan ba.

Litinin, 24 ga wata, bayan azahar

Mairama ta dawo dafa abincin da za a kai asibiti, Yaya ta tsaya da yarinyar. Ta same ni a ɗakin tsakiya ina duban bango. Ta tsaya a ƙofa da ludayi a hannu, ta tambaya ko a nan Sakinatu za ta kwana ranar Laraba. Na ce ban sani ba. Na ce likita yana da littafinsa, ni ma na taɓa bin littafi, ta ga abin da ya biyo baya.

Ta sauke ludayin. Miya na ƙuna a madafa, duk muna jin ƙaurin.

"Malam, tagar ba a buɗe ta kwana ba."

Na ce da hannuna na buɗe.

"Kana fita na tashi na rufe. Na toshe ta da zanena. Na ƙara gawayi, saboda Yaya ta ce kada wutar ta mutu. Da na ga abin da ya faru na cire zanen, na tura ta yadda ka bar ta, kafin in kira ka. Tsoro na ji. Da ka kira magini na so in faɗa, bakina ya ƙi."

Ta ce shekara bakwai tana kallona ina ɗauke da abin da yake nata. Na ce ba nata ba ne. Na ce a gidan nan babu wanda ya yi wani abu sai don yana son yaron. Ban san ko wace ce ta kashe shi ba, tagar ko wutar ko ciwon kansa, kuma babu likitan da zai iya gaya mana yanzu. Abin da na sani shi ne a rufe take.

Ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba a wancan lokacin. Na tsaya kusa da ita. Ban iya irin wannan tsayuwar ba, amma na tsaya.

An kai abinci a makare, da miya mai ƙauri.

Litinin ɗin dai, da magariba

Na ari diga a maƙwabta. Hedimasta da diga abin kallo ne, Allah ya sa ba a samu 'yan kallo ba. Maginin ya yi aikin kirki, sai da tafin hannuna ya fashe. Tsohon katakon tagar yana nan a ciki, gara ba ta ci ba.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Na je wurin Alphonsus kafinta ya yi mini murfin taga da raga. Shagonsa a kulle, na manta Kirsimeti ne. Ramin zai zauna haka har jibi. Maman Funmi ta aiko da shinkafa da kaza, ta leƙo ta ga bangon, ta ce saura ɗaya mai duban ta. Na ce ƙofa ta riƙe muƙamin kafin a naɗa.

Na fitar da katifar. Ni da Mairama muka kai ta bayan gida. Ita ta ƙyasta ashanar.

Laraba, 26 ga wata, da la'asar

An sallame ta. Yaya ta riga mu shiga ɗakin, da buhun gawayinta. Ta tsaya. Ta dubi ramin, ta dubi gadon da aka shimfiɗa wa tabarma da barguna wankakku, ta dube ni.

"Ka taɓa yi sau ɗaya, Datti."

Amsar tana bakina. In na faɗe ta na tona Mairama, kuma na ɗora wa tsohuwa gawar da ba za ta iya ɗauka ba. Na ce in wani abu ya faru ni ne, ta gaya wa duk wanda ta ga dama.

Ta ce da kaskon nan ta raya ni shekarar da uwarmu ta rasu, ina jariri, a bukkar da iska ke ratsawa ta ko'ina. Gaskiya ne. Na ce mata waccan bukkar ciyawa ce, hayaƙi yana fita ta rufi, wannan kuwa siminti ne da kwano. Ta ce boko bai bar ni da komai ba sai baki.

Ta sunkuya za ta zuba gawayi. Mairama, wadda shekara goma sha shida ba ta taɓa musa wa Yaya ko a kan gishirin miya ba, ta durƙusa ta ce Yaya ta yi haƙuri, ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta fita da shi tsakar gida. Ta dawo ta ɗauke fitilar. Na ba Sakinatu tocilan ɗina.

Yaya ba ta ci tuwo ba.

Yanzu rana na faɗuwa, sanyi ya fara sauka. Ina jin sa yana shigowa ta ramin da na fasa. Na rataya siririn zane a kai. Na cire. Na mayar.

Alhamis, 27 ga wata, bayan sallar asuba

Ta kwana a kwance. Tari biyu, na ƙirga.

Asabar, 29 ga wata, da safe

Alphonsus ya sa murfi da raga. Ya tambayi dalilin da ya sa aka toshe taga mai kyau haka, na ce tsohon mai gidan ba shi da wayo.

Yaya ba ta koma Garam ba, ba ta kuma yi mini magana. Amma kullum da magariba tana hura kaskonta a tsakar gida, ta gasa ɗan dutsen niƙa, ta naɗe shi da zane ta kai ƙafafun yarinyar. Jiya na ji tana gaya wa Maman Funmi cewa ai sanyi ta ƙafa yake shiga mutum, ita tuntuni take faɗa ba a saurara.

Fiton bai tafi duka ba. Yana nan can ƙasa, in ta yi dariya da yawa. Tana shan ƙwayarta. Kyanwa ta koma ɗakin, Maman Funmi ta ce a kore ta, ita ma gashinta yana tayar da ciwon. Wannan ne karo na farko da ta yi zalunci.

Liman ya tambayi mai jiki. Na buɗe baki, sai na ga kalmar ta tsufa a hannuna. Na ce ta ci ƙosai shida.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Na same ta a durƙushe a kan gado, ta lulluɓa da bargo, ta ɗora haɓa a kan katakon tagar tana kallon masu zuwa kasuwa. Ta ce in zo in gani, wani ya yi rubutu a nan. Na gan shi tun ranar da na fasa, ban taɓa shi ba. Baƙaƙe huɗu ne da aka karta da ƙusa, na farkon ya karkace, na ƙarshen bai haɗe ba. Na tuna dukan da na yi masa a kan ɓata katako.

Ta tambaya wane ne. Tana da shekara biyu a lokacin. Mairama tana bakin ƙofa da tsintsiya, Yaya tana tsakar gida, duk sun ji tambayar.

Na ce yayanta ne. Na ce shekararsa shida, yana son rake kamar ita, kuma bai iya zama wuri ɗaya ba.

Ta ce ta iya karantawa, amma ni take so in faɗa.

Na ce, Lado.

Iska na shigowa, da sanyinta. Na ja mata bargon zuwa wuya, na bar tagar yadda take.